Bokiti uku na fenti ruwan toka

Har yau idan na buɗe sito na hango rabin bokitin fentin nan a lungu, sai na ji raina ya sosu. Bokiti uku na saya, kowanne lita 20, ruwan toka mai ɗan shuɗi-shuɗi, kuma ban shafa ko faɗin tafin hannu a bango na gani ba kafin na biya kuɗin. Kuɗin da na yi wata da watanni ina tarawa don labule da kafet, a gyaran wannan ɓarnar ya tafi.

Shekara 2 muka yi a Uppsala ta ƙasar Suwidin, lokacin da maigidan yake karatu. Gidan da muka kama ɗan ƙarami ne, ɗaki da falo da kicin, amma ban taɓa zama a wurin da hankalina ya kwanta irinsa ba. Bango fari, ƙasa katako mai haske, doguwar kujera guda ɗaya, tebur, sai fitilu. Fitilun ne suka fara ba ni mamaki. A falon da bai kai rabin nawa na yanzu ba akwai guda biyar: ɗaya a kan taga, ɗaya a gefen kujera, ɗaya ta sauko daf da teburin cin abinci, biyu a kan kanta. Sai da Disamba ta shigo na gane dalili. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 9 saura, kafin 3 ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa uku za ka yi su. Mutanen da hasken rana ke yi musu rowa haka, dole su yi tattalin ɗan abin da suka samu. Shi ya sa tagoginsu manya, da yawa ko labule babu, bango fari don ya maido da haske, katakonsu na birch da pine shi ma fari-fari. Suna da wata kalma, lagom, wato daidai wa daida, kada ya yi yawa kada ya gaza. Haka ɗakunansu suke.

Da muka dawo Kano muka tare a gidanmu, na ƙudura a raina falona irin wancan zai zama. Kujerun aurena manya ne, ruwan gwal da jan karan-miski, da labule ninki uku. Na nemi izinin Umma na ba ƙanwata da ake shirin bikinta, ba a sha wahala a nan ba. Wahalar daga fenti ta faro.

A waya na zaɓi kalar, da daddare, ina kwance ina duba hotunan gidaje a Instagram. Na ga wani falo ruwan toka mai sanyi, na ce shi ke nan, na samu. Washegari na nuna wa mai fentin. Dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Ya kalli wayar, ya kalli bangon, ya ce, "Hajiya, a sayo galan ɗaya tukuna, in shafa a nan da can, ya bushe mu gani. Fenti a waya daban, a bango daban." Na ce masa Malam sallah ta matso, ba ni da lokacin gwaji, kuma na zauna a ƙasar, na san abin da nake so. Ya sake cewa to ko satin za a ɗauka, wanda ake gogewa, tunda akwai yara. Nan ma na ƙi, na ce a can bango ba ya sheƙi, marar sheƙi nake so. Ya ce, "To, Allah ya sa a dace." Shawara biyu ya ba ni kyauta a tsaye a tsakiyar falon nan, duka biyun na watsar.

Kwana uku suka gama falo da koridor da ɗakin cin abinci. Da fentin yana ɗanye na ce zai washe in ya bushe. Ya bushe bai washe ba. Da hantsi ya yi kama da siminti, da daddare in an kunna ƙwai sai ya koma shuɗi-shuɗi mai sanyi kamar ɗakin jiran asibiti. Ina ta lallashin kaina cewa idona ne bai saba ba. Ana haka Hajiyar maigidan ta zo ganin gida. Ta zauna, muka gaisa, ta ɗaga kai ta dubi bangon ta ce, "'Yar nan, ashe har yanzu ba a yi fentin ba? In kuɗi ne suka yanke ku faɗa mini, a yi kafin sallah." Wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa, taimako take son yi. Na ce mata an yi, Hajiya, kalar ce haka. Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya sanya albarka." Da ta tafi na shiga ɗaki na yi kuka.

Daren nan na tura wa wata ƙawata da har yanzu take Uppsala saƙo, na ce ta taimaka ta binciko mini ainihin kalar bangon gidajen haya irin wanda muka zauna. Amsar da ta turo ta ƙara mini takaici, domin ashe ba ruwan toka ba ne sam. Fari ne da suke kira Stockholmsvit, farin Stockholm, lambarsa a tsarin launuka na NCS, wanda su 'yan Suwidin ɗin suka ƙirƙiro, ita ce S 0502-Y. Ma'anar lambar: baƙi kashi 5 cikin 100, launi kashi 2, harafin Y kuwa rawaya. Wato fari ne da aka ɗiga wa rawaya kaɗan don ya yi ɗumi. Shekara biyu ina kwana ina tashi a cikin farin da ke da ɗumi, na dawo gida na sayi toka mai sanyi saboda hoton da wani ya gyara wa haske kafin ya ɗora. Wannan shi ne abin da har yanzu na kasa yafe wa kaina.

Daga nan na fara lura da sauran abubuwan da suka haɗu suka kashe kalar. A can rana a kwance take zuwa, haskenta mai laushi, ya faɗo kan katako ya dawo bango da ɗan ja-ja. Nan Kano rana a tsakiyar ka take, mun ƙanƙance tagogi saboda zafi, ga ƙarfen kariya ga ragar sauro, ɗan hasken da ya shigo kuma ya faɗa kan farin tayil mai sheƙi. Sannan ƙwan lantarki. Ban taɓa karanta jikin kwalin ƙwai ba sai lokacin. Duk na gidan an rubuta 6500K, farin nan ƙal mai kashe ido da ya cika kasuwa. Na can kuwa yawanci 2700K ne, mai ruwan zuma. Kowane launi mai shuɗi a cikinsa, in ka haska shi da 6500K sai shuɗin ya fito fili. Na canza ƙwayayen falon kafin komai, abin ya ɗan yi dama, amma toka tana nan toka.

Na daure na zauna da shi haka har hunturu ya shigo, a nan shawara ta biyu da na ƙi ji ta kama ni. Ƙurar hazo ja-ja ce, a kan bango mai shuɗi-shuɗi kuwa ba ta ɓuya, musamman saman sikatin da gefen taga. In na sa tsumma mai laima na goge, wurin sai ya yi tabo, ya fi ƙurar muni, don fenti marar sheƙi ba ya son ruwa. Yara suka ƙara da nasu, shatin yatsu biyar na miya a kusa da makunnin fitila. Lungun da nake ajiye kaskon turaren wuta ya yi baƙi-baƙi daga ƙasa zuwa sama. Wata huɗu kacal bangon ya tsufa.

Na kira dattijon nan, ina jin nauyinsa. Bai ce mini ai na faɗa miki ba, ko da wasa. Cewa ya yi, "Hajiya, wannan karon mu bi a hankali." Muka sayo ƙananan gwangwanaye kala huɗu, ya shafa kowacce shafi biyu, faɗin kamar tabarmar sallah, a bangon da ke kallon taga da kuma wanda ke bayanta. Kwana biyar ina kallonsu: da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, da daddare. Wanda na fi so a gwangwani, da la'asar sai ya koma ruwan hoda. Wani kuma ya yi rawaya da yawa kamar ƙwai. Wanda ya tsaya da ƙafarsa a kowane lokaci shi ne wanda na raina da farko, ruwan madara mai ɗan ruwan ƙasa, kamar kunun gyaɗa. Shi muka ɗauka, satin mai ƙaramin sheƙi. Sai da aka fara bi da fari kafin shafi biyu na sabon, don tokar tana leƙowa ta ƙasa. Kuɗin aiki sau biyu, kuɗin fenti sau biyu da ɗoriya. Galan ɗaya na gwaji da kwana biyar na haƙuri da sun tsare mini duk wannan.

Kayan katako ba su ba ni ciwon kai sosai ba, sai dai jayayya da kafinta. Babu shagon IKEA, kamfanin kayan ɗakin nan da aka kafa a Suwidin, a Najeriya, masu kawowa daga waje kuma kuɗinsu ya fi ƙarfina, don haka na kai masa hoto. Birch ba ya samuwa, ya ce malaina ce mafi kusa a haske, kuma gaskiyarsa. Inda muka saɓa shi ne wajen gamawa. Shi a wurinsa aiki bai kammala ba sai an bi shi da banish mai duhu yana ɗaukar ido, ya ce mutane za su ce bai iya ba. Na ce a sa maganin gara, a goge da samfefa sosai, a shafa marar kala kawai. Wannan karon sai da ya gwada mini a kan guntun katako na gani kafin ya taɓa teburin. Doguwar kujerar kuwa na sa an yi mata riga mai zif da ake cirewa a wanke, yadin daga Kantin Kwari, kalar yashi. Farar kujera irin ta hoto ba ta gidan da ake shan shayi da cin ɗanwake a falo ba ce, kada wanda ya ruɗe ki.

Akwai wata kujerar cin abinci da na ƙwallafa rai a kanta tun a can, wadda Hans Wegner na ƙasar Danmak ya zana a 1949, mazauninta saƙar igiyar takarda ce da hannu. Da na nuna wa kafintan sai ya ce ai wannan saƙar masu gadon igiya ce. Ya haɗa ni da wani tsoho da ke saƙa gadaje, ya saƙa mini mazaunin kujeru huɗu. Ba su yi daidai da ta Wegner ba, bayansu ya fi kauri, amma duk wanda ya shigo su yake fara taɓawa.

Wannan ne ya buɗe mini ido na nufi Kasuwar Kurmi, tunda kuɗin kafet ya riga ya tafi a fenti. Na sayo tabarmar kaba babba marar rini, tumtum biyu na fata da ba a yi wa ado ba, farin gwado na yafa a hannun kujera, faya-fayai uku na jera a bango, da wata tsohuwar ƙwarya da na ɗora a kan kanta. Matasan kujera biyu na yi musu riga da yadin da aka rina a marinar Ƙofar Mata, na zaɓi wanda shuɗinsa ya kwanta. A kan bangon madara, shuɗin nan ya zauna daram, alhali shi ne launin da ya kashe ni da yana cikin fenti. Launuka masu sanyin ido da na tsallaka teku ina sha'awa, kaba da fata da ƙwarya da yashi, ashe da su kakata ta yi zaman ɗakinta a cikin birni. Kuma ƙurar hunturu in ta sauka a kansu ba ta tona asiri, kala ɗaya suke da ita.

Abu ɗaya da ban kwaikwaya ba shi ne ƙarancin wurin zama. Su baƙo sai da alƙawari, mu kuwa ranar Juma'a kaɗai sai mutum goma su cika falo. Na bar tsakiyar fili, tabarma ta ɗauki kowa, tumtum na dattawa. Tagogi ma ban bar su tsirara ba, ba zai yiwu ba saboda rana da kuma sutura. Labule ninki biyu na yi daga baya da kuɗi suka samu, shara-shara fari na rana, da mai kauri kalar yashi na dare da lokacin zafi. Fitilu huɗu ne yanzu a falon, duk 2700K, biyu a kan layin sola don kada ɗaukewar wuta ta mayar da ni ga farar fitilar caji.

Mata da yawa sun turo mini hoto suna tambaya ko kala kaza za ta yi. Amsata ɗaya ce, kuma da zafi nake ba da ita: ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, sai an shafa a bangonki. Ki canza ƙwai tukuna, sannan ki gwada fenti a ƙarƙashin ƙwan da za ki zauna da shi. In mai fentinki ya ce a gwada, ki saurare shi, ya ga bango ɗari kafin naki.

Hajiya ta dawo bayan an gama. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a kan tumtum ta jingina da bango, ta ce falon ya yi sanyi kamar ɗakin soro. A nan ta yi la'asar, har ta ɗan kishingiɗa. Koridor ɗin baya dai har yanzu ruwan toka ne, kuɗin bai kai can ba, kuma kullum ta nan nake bi in shiga kicin.