Tara Biyu a Rana Ɗaya

Laraba. Sanyin yau ya fi na jiya, ruwan randa kamar daga firji aka ciro shi. Sai da na ɗora tukunya kafin kowa ya yarda ya yi alwala. Wuta kuwa da asuba aka kawo ta, aka ɗauke ina tsakiyar gugar yunifom na biyu.

Auta ya tsaya a bakin ƙofa rataye da jaka yana sosa ƙeya, wai in ba shi naira hamsin. Na ce ba yanzu na ba ka kuɗin tara ba? Ya ce ba wannan tarar ba, tara aka ci shi. Jiya monita ya rubuta sunansa, ya yi banakula a aji, wato ya yi Hausa. Na ce me ka ce? Ya ce, "Cewa na yi matsa mini." Su huɗu ne a benci, shi ne a ƙarshe, rabin jikinsa a iska. Na yi dariya har da riƙe ciki, na miƙa masa na ce gobe sai ka faɗo ƙasa da Turanci. Da dariyar nan na fita gida.

Shago ba labari. Ɗinkin biki biyu, zif ya ƙare, na leƙa kasuwar Taminus na dawo da ciwon kai.

Bayan magariba Yaya ya biyo, ya kawo mana dankalin da aka aiko masa daga Bokkos. Ya tarar da ni da Auta a kan aikin gida. Lissafi ne, tambaya ɗaya tak da Turanci: lemo 24 za a raba wa yara 6. Yaron ya karanto ta tiryan-tiryan ba gargada, har na ji kaina yana kumbura a gaban kawunsa. Sai kuma ya zuba wa littafin ido. Ya haɗa 24 da 6 ya rubuta 30. Na ce goge. Ya ɗebe, ya rubuta 18. Haushi ya ishe ni na ce, "Kai, in na ba ka lemo ashirin da huɗu na ce ku raba ku shida, nawa kowa zai samu?" Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Hurhuɗu."

Na juya na kalli Yaya. Kun san shi, duk rayuwarsa da alli a hannu ya yi ta, ba a kayar da shi a magana. Ya kurɓi shayi ya ce, "To madalla. Ranar jarrabawa ke za ki shiga ki fassara masa?"

Shi ke nan aka ɓalle.

Shi dai yana bayan ministan ilimi ɗari bisa ɗari. Ya ce Tunji Alausa ya yi daidai da ya soke koyarwa da harshen uwa a watan Nuwamban 2025, don tsarin da tsohon minista Adamu Adamu ya kawo a 2022, na cewa a yi firamare ɗaya zuwa shida da harshen gida, daɗin baki ne kawai. WAEC da Turanci, NECO da Turanci, JAMB da Turanci. 'Ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi a Rayfield suna zuba Turanci tun daga nazire, ke kuma kina so a bar ɗan talaka da Hausa, in sun haɗu a ɗakin jarrabawa wa aka cuta?

Na ce Yaya, kai ne fa da bakinka ka ba ni labarin Farfesa Fafunwa, masanin ilimin nan, lokacin ina sakandare. Yadda suka fara gwaji a Ife a 1970, aka koyar da yara shekara shida cur da Yarbanci, Turanci ya zama darasi ɗaya cikin darussa, kuma yaran suka fito ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Har tsayawa kake yi kana buga tebur in kana faɗa.

Ya ce, "Ife kenan, aji duk Yarbawa. Nan Jos ce. A ajin yaron nan akwai Birom, akwai Angas, akwai Afizere, akwai Ibo, akwai Fulani. Filato ƙabila ta fi arba'in. Harshen uwar wa za a ɗauka?"

Na ce ai kowa na jin Hausa.

Ya ajiye kofin. "Ji daban, yarda daban. Maƙwabciyarki ta shago da Hausa take ciniki, da Hausa take waƙa a coci, da Hausa kuke gulmarku. Je ki ce mata gwamnati ta ce dole da Hausa za a koyar da ɗanta, ki ga idonta. A garin nan, da muka ga abin da muka gani tun 2001."

Nan kam ya ɗaure ni. Na san gaskiya ce, kuma ba na son ta. Ita ɗin kullum cewa take 'ya'yanta ba sa jin yarensu, Hausa ta cinye, kamar yadda nake kukan Turanci zai cinye nawa.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya, na ce sai na fitar. Auta ya shiga aji ɗaya a 2023, tsarin harshen uwa yana da rai a takarda. Littafin lissafi na Hausa nawa ya taɓa kawowa gida? Ko ɗaya. Tarar banakula an ci ni ita ina yarinya, alhali tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara shekarun farko na firamare da harshen gida. An ci yayyensa, yau ga shi an ci shi. To me aka soke? Kuma minista ya ce faɗuwa jarrabawa ce hujjarsa. Waɗanda suka zauna WAEC a 2025 ai suna sakandare aka kawo tsarin nan, ko inuwarsa ba su shiga ba. Kamar a ce maganin da ba a sha ba shi ya ɓata ciki.

Yaya ya yi shiru yana juya cokali. Can ya yi 'yar dariya ya ce shi ma lokacin da yake aji, in ya ga idon yara ya yi fari, sai ya tura ƙofa ya yi musu bayanin da Hausa ƙasa-ƙasa. In an ce sufeto ya shigo, a koma Turanci. Ya ce malamar Auta ma ya tabbata haka take yi, in ta samu sarari, da yara sun cika aji har bakin allo. Na ce to ita wa ke rubuta sunanta? Bai amsa ba, ya ce dare ya yi, a gaida Baban yara in ya dawo.

Ba mu rabu da kowa ya ci ba. Dankalin dai mai kyau ne, manya-manya.

Da na koma kan Auta na ce rubuta 4. Ya rubuta, sai ya ɗago ya ce, "Mama, malama ta ce a nuna yadda aka yi." Na ce to nuna. Ya ce, "Ai da Hausa na yi." Ya faɗe ta a hankali, kamar mai amsa laifi, yana satar kallon ƙofa, a ɗakin uwarsa.

Tun ɗazu nake kwance abin yana cina. Ba maganar Yaya ba, ba ta minista ba. Kumburin kan nan da na yi lokacin da yake karanto abin da bai san ma'anarsa ba, shi ke damuna. Da dariyar safe. Na ba shi hamsin ɗin ban ko ce masa bai yi laifi ba.

Baban yara ya dawo a gajiye, na fara ba shi labari, kafin in kai kan lemon har ya yi barci. Gas ya kusa ƙarewa. Na tashi na duba jakar Auta, fensirin ya zama guntu, na feƙe masa. Na cusa wata hamsin a ƙaramin aljihun, don bencin nan ba zai ƙara faɗi kafin gobe ba.