Idan ciwon gaɓɓai ya sauka a huhu

Mai amosanin gaɓɓai, ko mai cutar sikiloderma da ke ƙandarar da fata, ko mai kumburin tsoka, garkuwar jikinsa na iya kai wa huhunsa hari kamar yadda ta kai wa gwiwa. Bangon ƙananan jakunkunan iska ne ke kumbura, daga baya ya yi tabo ya ƙi miƙewa. Kumburi yana jin magani, tabo kuwa ba ya gogewa. Duk aikin likita shi ne ya riga tabon.

Matsalar ita ce ciwon yana shigowa a ɓoye. Wanda gwiwa ta hana shi hawa bene ba zai lura numfashinsa ya ragu ba. Sai busasshen tari ya yi watanni, a nan arewa kuma abin da ke fara zuwa zuciya tarin fuka ne. Idan gwajin majina na GeneXpert ya fito babu komai, ga ciwon gaɓɓai, ga haki, a nemi hoton ƙirji na HRCT, wato hoton na'urar sikanin da ke nuna huhu dalla-dalla. Hoton ƙirji na yau da kullum yakan tsallake farkon cutar.

Bayan an tabbatar, lambobi biyu na gwajin numfashi za ka riƙa rubutawa a littafi: FVC, wato yawan iskar da kake iya hurarwa, da DLCO, wato yadda iska ke tsallakawa cikin jini. A shekarun farko ana maimaita su duk wata 3 zuwa 6. FVC ta faɗi da kashi 10 cikin ɗari, magana ta canza, ko da kana jin garau.

Maganin da aka fi farawa da shi mycophenolate ne, a hankali har zuwa giram 2 ko 3 a rana, tare da gwajin jini a kai a kai. Yana nakasa ɗan tayi, don haka mace ta yi maganar tsarin iyali da likita tun kafin ƙwayar farko. Nintedanib, wanda Amurka ta amince da shi don huhun masu sikiloderma a 2019, yana rage saurin tabo ne kawai. Ana shan miligiram 150 sau biyu, tazarar awa 12, da abinci a ciki. Gudawa ce ke sa mutane su watsar da shi, alhali maganin tsayar da gudawa na loperamide ko saukar da nintedanib ɗin zuwa 100 yakan daidaita lamarin. A riƙa duba hanta.

Prednisolone kuwa, wanda ake saye a kemis kamar alewa, haɗari ne ga mai sikiloderma: sama da miligiram 15 a rana na iya tayar da rikicin ƙoda farat ɗaya. Mai shansa ya riƙa auna hawan jini a gida. Mycophenolate da prednisolone masu danne garkuwar jiki ne, suna iya farkar da tarin fuka da ke kwance, shi ya sa ake gwaji kafin a fara. Allurar shawara ma, da ake nema wurin maniyyata, tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai. Kada a karɓa sai likita ya sani.

Abin da aka fi rainawa shi ne ƙwannafi. Ruwan ciki da ke hawowa da dare yana iya ɗiga cikin huhu. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo, kamar santimita 15 zuwa 20 (tara matashi ba ya yi, lanƙwasa ciki yake), a kuma gama cin tuwo awa 3 kafin kwanciya.

Na'urar auna iska ta yatsa tana yin ƙarya idan yatsun sun yi sanyi sun yi fari, abin da ya zama ruwan dare ga masu sikiloderma. A ɗumama hannu tukuna, a goge jan farce. Auna a zaune ba ya isa, domin a tafiya lambar ke zubewa. Idan tana sauka ƙasa da 88, lokacin maganar oksijin ya yi. Injin oksijin na lita 5 yana cin kusan wat 300 zuwa 400, don haka sai da sola ko janareta, da tukunyar ajiya saboda ɗauke wuta. Kada a shafa basilin a hanci, kada a kusanci murhu ko kasko da bututun oksijin a fuska, saboda gobara.

Da hunturu a sa takunkumin N95, na tsumma ba ya tare ƙurar. Zazzaɓi, ko haki da ya ƙaru cikin 'yan kwanaki, ba na jiran ranar ganin likita ba ne. A tafi asibiti a ranar, da littafin lambobin da kwalayen magunguna a hannu.