Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Ƙasa ta Daskare

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a inda muka kwashe kayanmu daga gidan haya na cikin birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, muka koma 'yar gonar da maigida ya samo mana a kudu maso gabas, can wajen Steinbach, cikin kakar 2013. Tsohon gida ne na katako, da rijiya, da ɗakin dabbobi, da fili wanda a idon mutanen nan bai taka kara ya karya ba, ko da yake a ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi da gandu za a kira shi. Mun shiga da yara uku, da awaki kaɗan, da kaji. Yau zan ba ku labarin sanyin da ya tarbe mu.

Kafin wannan na riga na sha sanyin Kanada, amma na cikin gari, inda kafin ka tashi an kwashe dusar ƙanƙara daga titi, kuma wani ne ke kula da injin ɗumama bene. A gona duk wannan a wuyanka yake. Allah kuma ya ƙaddara shekarar da muka koma ita ce wadda hukumar yanayi ta ƙasar ta ce Winnipeg ba ta ga irin sanyinta ba tun 1898. Dusa ta sauka a Nuwamba, ba mu sake ganin launin ƙasa ba sai cikin Afrilu. A Disamba da Janairu ma'auni yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, idan iska ta taso jiki ya ji shi a 40 ko fiye. Wannan ɓangare na lardin Manitoba shimfiɗaɗɗe ne, babu dutse babu tudun da zai tare iskar arewa. Kunne ko hancin da aka bari a buɗe, cikin 'yan mintoci yake daskarewa, ya yi fari, ka daina jin sa. Hukumar makarantar yara ma takan dakatar da motar ɗaukar ɗalibai idan sanyin iska ya tsananta, sai su yini a gida tare da ni.

Maigida direban tirela ne, yana ɗaukar kaya zuwa yammacin ƙasar da cikin Amurka. Idan ya fita yakan kwana da yawa a hanya. Saboda haka yawancin hunturun nan ni da yara muka yi shi, sai maƙwabtanmu, wani dattijo da matarsa da ke gona ta gaba, waɗanda yarana suka laƙaba wa Kaka da Baba Tsoho.

Komai na gidan a kan murhu yake tafiya. Murhun ƙarfe ne babba a tsakiyar falo, mai bututun hayaƙi da ya fita ta rufi. Akwai na'urar ɗumama gida ta lantarki, amma kuɗinta ya fi ƙarfinmu idan aka bar ta ita kaɗai, kuma ranar da guguwa ta yar da wayar wuta ba ta da amfani. Tun cikin Oktoba Baba Tsoho ya zagayo ya duba tarin itacenmu, ya ɗaga wani ya buga da wani ya saurari ƙarar, ya girgiza kai. Ya ce rabinsa ɗanye ne. Itace a nan sai ya shekara a fashe yana shan iska kafin ya cancanci murhu. Ɗanyen ba ya ba da zafi, kuma hayaƙinsa yakan bar baƙar kunkunniya mai danƙo a cikin bututu, wadda idan ta taru takan kama da wuta ta cinye gida. Shi ya koya mini bambancinsu: farin itacen da ya cika dajin yankin yana kamawa da sauri ya ƙare da sauri, na rana ke nan, mai nauyi mai tauri kuwa a ajiye shi don dare, saboda garwashinsa ya kai asuba. Ya yi mana musanya, ya ɗauki ɗanyenmu ya kawo busasshensa, bai karɓi ko sisi ba.

Duk da haka sai na tashi tsakar dare na ƙara wa murhu itace. Wannan tashi ya zame mini alheri, don tun da nake ban taɓa riƙe sallar dare kamar yadda na riƙe ta a watannin nan ba.

Da gari ya fara wayewa sai shirin fita wajen dabbobi. Riga kan riga, wando kan wando, safar hannu, takalmi mai gashi a ciki, a rufe fuska a bar ido kawai. Idan dusa ta sauka cikin dare, ko iska ta kwaso ta ta tara a bakin ƙofa, sai an fara da shebur a buɗe hanya daga gida zuwa ɗakin awaki. Babban ɗana shi ne abokin wannan aiki kafin ya tafi makaranta. Awaki sun fi yadda nake tsammani juriya: gashinsu ya yi kauri, suna cin ingirici ba ƙaƙƙautawa, domin narkar da ciyawar a cikinsu ita ke ɗumama su. Abin da ba sa jurewa shi ne jiƙa da iska mai ratsawa. Kaji ma haka. Da farko zuciyata ta so in toshe kowace kafa ta akurki don tausayi, Kaka ta hana ni. Ta ce numfashinsu da kashinsu suna tara laima, laimar ce ke daskarewa a kan zankonsu ya yi baƙi. A bar kafa a sama tururi ya fita, a shimfiɗa karan alkama mai kauri a ƙasa, a riƙa ƙarawa a kai ba tare da kwashewa ba sai bazara. Ƙwai ya ragu ƙwarai, don kaza tana son hasken wajen awa 14 kafin ta yi ƙwai sosai, alhali yinin Disamba a nan awa 8 ne da 'yan mintoci. Ɗan wanda suka yi kuma idan ba a ɗauke da wuri ba sai a tarar ya daskare ya tsage.

Abinci bai ba mu wahala ba, alhamdulillahi. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa shi ne rumbunmu: dankalin Turawa, karas, kabeji, albasa, da tumatirin da Kaka ta koya mini dafawa a rufe cikin kwalabe. Ina da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da Inna ta aiko, ina tattalinsu ƙwarai. Ranar da na tuƙa tuwo da miyar kuka, yaran ba sa tambayar yaushe Babansu zai dawo sai sun ƙoshi.

Ruwa ne ya gwada mu. Ko'ina ka duba ruwa ne fari fat har iyakar gani, amma babu na sha. Bokitin dabbobi yakan daskare kafin ka juya, saboda haka safe da yamma ina kai musu mai ɗumi daga gida, in fasa na jiya da bayan gatari. Akuyar da ba ta sha ba ba za ta ci busasshiyar ciyawa ba. A ƙasar nan ana binne bututun ruwa da zurfi don kada sanyi ya kai gare shi, amma a shekarar nan ƙasa ta daskare har fiye da mita 2. A cikin Winnipeg kanta dubban gidaje famfonsu ya tsaya, wasu ba su sake ganin ruwa ba sai da bazara ta yi nisa. Namu ya tsaya cikin Fabrairu. Na buɗe famfo don alwalar asuba, ko ɗigo.

Na kira maigida, yana can yamma, 'yan sanda sun rufe babbar hanya saboda guguwa.

Na ce, "Malam, ruwa ya tsaya."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Innalillahi. Murhu fa?"

"Yana ci."

"To kada ki bari ya mutu. Ki kwantar da yara a falo. Da an buɗe hanya zan taho, ki yi haƙuri."

Na ji a muryarsa abin ya fi damunsa fiye da ni, don mutumin da ya kawo iyalinsa daji da kyakkyawar niyya ba ya son ya ji sun shiga wahala yana nesa. Ranar muka cika manyan tukwane da dusa muka ɗora a murhu. Wanda bai gwada ba ba zai yarda ba: tukunya cike taf, idan ta narke abin da ke ƙasanta bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, saura duk iska ce. Yini guda muna ɗiba muna narkarwa, da ƙyar ya ishi awaki da alwala.

Kafin la'asar sai na ji ƙarar tarakta. Baba Tsoho ne, ya share mana hanya tun daga bakin titi, ya ɗauko jarkoki cike da ruwan rijiyarsu a baya. Ban kira su ba. Kaka ta ce ta hango mu daga tagar kicin ɗinta muna ta kai da kawo da tukwane, ta gane. A ranar ce ta gaya mini cewa tun da sanyi ya shigo, kullum da safe sai ta duba ko hayaƙi na fita daga rufinmu kafin ta zauna shan shayi, kuma sun yi shawara da mijinta cewa ranar da ba ta gan shi ba zai zo ya buga ƙofa. Na riƙe hannunta na kasa magana. Mutanen nan ba sa shigowa gaisuwa, ba sa tambayar kwanan gida da gajiya, wata guda sai ya wuce ba su taka falonka ba. Amma haƙƙin maƙwabci da aka karantar da mu a islamiyya, na gan shi a wurinsu da idona. Kakanninsu Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Mennonite da suka baro kudancin daular Rasha, inda yanzu yake Yukiren, suka kafa Steinbach a 1874. Wasunsu sun yi hunturun farko a bukkokin da aka haƙa rabi cikin ƙasa aka rufe da ƙasa mai ciyawa, kuma har yau akwai samfurin irin bukkar a gidan tarihin garin. Jama'ar da ta fito daga wannan ta san abin da gida mara hayaƙi yake nufi. Tun daga ranar har bututun ya saki, Baba Tsoho bai fasa kawo ruwa ba, idan maigida yana gida su je su ɗebo tare.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, ni kuwa zan faɗa saboda 'yan uwana mata da ke shirin zuwa irin ƙasashen nan. Kaɗaici ya fi sanyi ciwo. Rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin biyar an yi magariba. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna, kana idar da wannan ka ɗan juya lokacin waccan ya shiga, sannan dare mai tsawo ya zauna. Na tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, sallama ba ta yankewa daga hantsi zuwa isha. A nan sai in yi kwanaki ban ji muryar babba ba sai ta waya. A lokacin masallaci yana Winnipeg, zuwa Juma'a sai hanya ta yi kyau kuma mota ta yarda ta tashi, don motocin nan sai an jona su da lantarki cikin dare kada injin ya sandare. Cikin Janairu na fara jin nauyi a ƙirji, ga kasala, ga kuka ba dalili. Likita ya auna jinina ya ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa, abin da ke yawan samun masu baƙar fata a ƙasashen da ranar hunturu ba ta da ƙarfi, ya rubuta mini ƙwayoyi. Sun taimaka. Amma ban manta abin da Inna ta ce mini ba da na kira ta ina kuka.

Ta ce, "Ke 'yar nan, dabbobin naki sun ci?"

Na ce, "Ba su ci ba tukuna, Inna."

"To tashi ki ba su, in kin dawo ki kira ni mu ƙarasa kukan tare."

Na tashi na fita. Da na dawo na kira ta, hira muka yi. Na tabbata da ba don awakin nan da ke jirana safe da yamma ba, da na kwanta na daina buɗe labule. Su suka tilasta mini shaƙar iska da ganin ɗan hasken da ke akwai. Na kuma yi amfani da gajerun ranakun na rama azumin da ake bi na, na fara koya wa yara karatun allo bayan magariba a gefen murhu, man kaɗanya a hannu ina shafa musu a kumatu da leɓe saboda tsagewa.

Ƙarshen Fabrairu ɗaya daga cikin awakin, wadda muka saya da cikinta, ta haihu da dare. Manoman yankin suna lissafa watanni biyar na cikin akuya don haihuwa ta faɗo a bazara, amma wannan ta zo mana da nata lissafin. Na tarar da 'ya'ya biyu a jiƙe, ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan yana numfashi da ƙyar, kunnuwansa sun sandare. Na cusa shi cikin rigata na ruga gida. Muka goge shi da tawul, muka sa shi a kwali kusa da murhu, na koma na tatso dakashin uwar na riƙa ɗiga masa a baki bayan jikinsa ya ɗumama. Autata ta ƙi barci, ta zauna tana kallonsa har ya ɗaga kai ya yi kuka wajen asuba. Ya rayu. Bakin kunnuwansa ya bushe ya faɗi daga baya, ya girma da gajerun kunnuwa, kuma yaran suka hana a yanka shi ko a sayar.

Maris ya shigo ba tare da sassauci ba, itacenmu ya kusa ƙarewa, ingirici ma muka sayo ƙari. Sai cikin Afrilu rufi ya fara ɗiga. A nan wata damuwar ta taso, domin duk dusar da ta taru wata biyar dole ta zama ruwa, ƙasa kuwa tana daskare ba za ta sha ba, kuma ɗakin awakinmu a gangare yake. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muka kwana muna kwashe dabbobi, da abin da ya sa maigida ya ajiye tuƙin nesa.