Darussa daga haɗa rok da jaz da barkwanci a dandamali ɗaya

Kabare, wato wasan nishaɗi mai haɗa waƙa da barkwanci, ya samo asali ne a birnin Faris, a gidan Le Chat Noir da aka buɗe a 1881, inda mawaƙi da mai ban dariya ke hawa dandamali ɗaya, 'yan kallo na zaune dab da su. Duk ƙungiyar da ta ɗora kiɗan rok da jaz a kan wannan tsari, kamar Bonzo Dog Doo-Dah Band ta Ingila a shekarun 1960, da wuri take gane cewa dariya ba ta rufe kiɗan da ya kwaɓe. Kuskuren ganganci ma sai gwani ke iya shi. In na rashin iyawa ne, jama'a za su gane, tausayi ya maye gurbin dariya.

Nauyin sauya salo yana wuyan mai ganga. A rok, kowane bugu ana raba shi gida biyu daidai wa daida. A jaz kuwa kashin farko ya fi tsawo, kusan biyu bisa uku. Idan mai ganga ya koma jaz, mai jita bai ankara ba, sai kiɗan ya riƙa ɗingishi. Maganinsa a ware ɗan gajeren kiɗan ganga ya zama alama, kowa ya sauya a bugun farko da ke biye da shi.

Sai batun jira, wanda nan ne aka fi yin asara. Ba a san tsawon dariya ba sai ta zo. Don haka ake tanadar 'yar gaɓar kiɗa da fiyano da jitar bas za su yi ta maimaitawa ƙasa-ƙasa, har mawaƙi ya ɗaga hannu. Ya ɗaga da wuri, ya danne dariyar, maganarsa ta gaba ta ɓace a cikin hayaniya. Ya makara, ɗakin ya huce. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da dariyar ta fara sauka amma ba ta mutu ba.

Barkwancin da ba a ji kalmominsa ba, ai an yi ba a yi ba. Jitar lantarki tana cika tsakanin haz 2,000 da 4,000 (haz shi ne ma'aunin kaifi ko kaurin sauti), kuma a wajajen nan ne kunne ke rarrabe sautin baƙaƙen haruffa a magana. Ƙara wa makirufo ƙarfi sai dai ya jawo ƙugi daga lasifika. Jitar ake ragewa a wannan gurbi, ko ta yi shiru gaba ɗaya yayin magana.

Wajen zaɓen matakin sautin da za a gina waƙa a kai, masu jita suna son matakin E, masu busa ba sa so: a E ɗin, takardar mai busa turampet tana ɗauke da alamar ɗaga sauti har shida, abin da ke wahalar da shi. A sasanta a kan G ko F tun kafin a rubuta komai.

A bita ta goma babu ɗan ƙungiyar da zai ƙara yi wa barkwancin dariya, sai a fara cewa a cire shi. Kada a cire sai an gwada shi sau biyu ko uku a gaban waɗanda ba su taɓa jinsa ba.