Kwale-kwalena ya dawo da sheƙinsa

Wallahi ranar da na shafa jikin kwale-kwalena na faiba tafin hannuna ya fito fari fat kamar na taɓa alli, raina ya ɓaci sosai. Rana ce ta cinye jelkot ɗin, wato fatar nan mai ƙyalli da ta rufe faiban. Na wanke shi tas, na jiƙa sanfefa lamba 1000 na dinga gogawa a hankali sannan na koma 2000, ruwan yana ta gangarowa kamar madara. Amma fa a lallaɓa wajen kusurwa, kaurin jelkot kusan rabin milimita ne kawai, kana matsawa ka cinye shi. Sai man goge da inji, gefe-gefe, na rufe da kakin folish. Shuɗin nan ya dawo har fuskata nake gani.