Kashin da ya sa muka kwana uku muna magana a juye

Shekara tara kenan ina ɗora muryar Hausa a kan fina-finan waje, yawanci na Indiya da na Cana tunda su kasuwa ke so, amma aikin da har yau ake tare ni da musu a kansa wani tsohon shirin barkwanci ne na Ingila, Red Dwarf, da BBC ta fara nunawa a 1988. Labarin wani malalacin lebura ne, Lister, a jirgin haƙar ma'adinai na sararin samaniya, ya farka bayan shekara miliyan 3 ya tarar a 'yan adam shi kaɗai ya rage, abokan zamansa daga mamaci da kwamfuta ke haska siffarsa da harafin H a goshi, sai wani ɗan gayu jikan kyanwa, sai mutum-mutumi Kryten.

Kashin farko na zango na 3, na 1989, shi ne ya kusa zautar da mu. Sun faɗa duniyar da lokaci ke tafiya da baya, abinci daga baki yake komawa faranti, sai ka ji ciwon duka tukuna sannan a yi faɗan ya warkar da kai. Mutanen garin duk maganarsu a juye take. Masu aikin sha yanzu magani yanzu da sun bar sautin Turancin su wuce, wa zai gane? Ni kuwa na ce wallahi sai an juya da Hausa. Muka ɗauki kowace magana daidai, muka juya ta a kwamfuta, sai ga matsala, ɓ da ɗ da ƙ in an juya su kamar mai shaƙuwa suke fita, kuma tsayin maganar dole ya hau kan leɓen ɗan wasa. Wani layin sau ashirin muka maimaita, ga janareto na shan mai.

Wannan naci a wajen maigidana na gado shi, Allah ya jiƙansa. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa makirfo ba, aikina kawai in kashe sauti in zauna ina ƙirga buɗewar baki da rufewarsa, in na yi ƙorafi ya ce ai fassara a leɓe take ba a takarda ba.

To da fassarar ta fita sai majalisar ƙofar shago ta rabu biyu. Wasu suka ce allon hanyar da aka rubuta Nodnol, wato London a juye, me ya hana in mayar da shi Onak, wato Kano a juye? Na ce haba ɗan uwa, mutanen nan a Ingila suka faɗo, kuma abin dariyar shi ne Lister ya dage cewa Bulgeriya suke. Wani malamin makaranta kuma ya kafe, wai ko lokaci ya koma baya ba dalilin da rubutu zai juya. Gaskiyarsa ce fa, amma ni ba ni na rubuta ba.

Ɓarayin zaune kam ba su jira ba, kwana biyu tsakani wani ya yanke tambarinmu ya manna nasa yana turawa a memori rabin kuɗinmu, sannan kwastoma ya zo yana ce min Oga ai can ya fi araha. Abin da ɓarawon bai sani ba, a ainihin shirin akwai inda manaja ke faɗa a juye, in ka daidaita sautin za ka ji tsiya yake yi wa duk wanda ya ɓata lokacinsa ya daidaita. Ni a wajen sai na sa sunan shagonmu da kwatancensa, na ƙara da cewa in ba a nan ka karɓa ba to na sata ne. Wani yaro ya juya a wayarsa ya biyo kwatancen har ƙofata yana dariya. Ɓarawon har yanzu yana can yana yi min talla.