Gizo ya shigo ajinmu yau

Laraba, Samaru.

Hazo ya rufe gari tun asuba, sanyi har cikin ƙashi, amma ajin ilimin halayyar ɗan Adam ya cika maƙil, domin yau muka shiga Carl Jung. Likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Siwizalan, an haife shi a 1875, ya rasu a 1961. Da farko shi da Sigmund Freud, fitaccen likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya, kamar ɗa da uba suke, kafin su raba gari a 1913. A wurin Freud, ɓoyayyen sashen zuciya ma'ajin abin da mutum ya danne ne, musamman sha'awa. Jung ya ce ƙarƙashin wannan akwai wani zurfin da dukan 'yan Adam suka gada tare, kuma daga can wasu siffofi ke fitowa a mafarki da tatsuniya: uwa, jarumi, dattijo mai hikima, mayaudari.

Malama na cewa mayaudari, wani daga layin baya ya ɗaga murya, "Ai Gizo ne!" Aji ya kaure da dariya. Ita kuwa ta ce haka ne, ta kawo misalin Ananse, gizo-gizon tatsuniyar mutanen Akan a Gana, da kunkurun Yarabawa.

A nan ni dai ban gamsu ba. Fataken Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, suna kwana a zango suna hira. Me zai hana labari ya bi ayari? Kamanni kaɗai bai isa hujjar gado ba, kuma ban ga yadda za a gwada wannan magana ba.

Abin da ya kama ni shi ne inuwa. Jung ya ce halin da muka ƙi yarda namu ne, hassada ko rowa ko son girma, ba ya mutuwa. Yana ɓuya, sai mu riƙa ganinsa a jikin wasu, mu tsane su fiye da kima. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin ina ganin yadda yake raba zumunci a gidajenmu.

Bayan la'asar na hau Keke zuwa cikin birni, ta Ƙofar Doka, gaida Inna. Na roƙe ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ta ajiye carbi, ta ja mayafi, ta fara kwaikwayon tsamin bakinsa, jikoki suka baro wasa suka zagaye tabarma. Na lura ba wanda ya goyi bayan Ƙoƙi mai haƙuri. Duk Gizo suke so, ƙaryarsa da kwaɗayinsa, abin da kullum ake yi musu faɗa a kai.

Na ce, "Inna, me ya sa yara ke son Gizo?"

Ta ce, "'Yar nan, yana yin abin da aka hana su ne."

Gobe zan kai wa malama batun fataken goro, in ji me za ta ce.